Hatimin Shagonka da Sunan Baba Bulus

Zuwa ga Alhaji Darakta,
Mai shagon sayar da na'urori masu ƙwaƙwalwa,
Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatanka, da fatan kasuwa tana albarka, ina neman izininka in yi magana a gaban jama'a. Na yi ta a keɓe, da baki da rubutu, ba a amsa mini ba. Za ka ga ban rubuta sunanka ko sunan shagonka a nan ba. Ka san kanka, ni ma na san ka, kuma ba ɓata suna ya kawo ni ba. Akwai dai sunan da aka riga aka ɓata, shi nake so a gyara.

Sunana Isufu Ɗan-Ladi. Na koyar a lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, a Babankatami da Garhanga har gashina ya yi fari, sannan na ajiye alli. Yanzu ni ne magatakardan haɗakar kofaratib ta manoman albasa da gero, wadda bironta, wato ofishinta, yake Madawa, 'ya'yanta kuwa sun bazu har ƙauyukan Buza da Kaita. Ni ne tsohon nan mai doguwar hula da ya zo shagonka a lokacin sanyin bara, ya sha shayinka, ya ɗauko ordinatar, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa. Ga abin da ya biyo baya, daki-daki.

Na ɗaya: yadda muka saya.

Ranka ya daɗe, ba don ƙawa muka sayi injin nan ba. Sunayen manomanmu sun fi ƙarfin alƙalamina, kuma muna son buga 'yan littattafan yaƙi da jahilci da Hausa, waɗanda mata ke karatu da su a ƙauyuka. Tun da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, kowa ya san yadda kayan waje suka yi tsada. Kowane manomi ya ba da buhun albasa, 'yan ci-raninmu na Abijan suka cika sauran. Da na tsaya a gabanka, guminsu ne a aljihuna.

Ka nuna mini injuna biyu. Ka ce ƙwaƙwalwar ɗaya tana gudu ɗari, ta ɗayan kuwa ɗari da talatin da uku, kuma mai saurin ya fi tsada amma zai daɗe bai tsufa ba. Ka sa aka kunna mai saurin a gabana, lambar ɗari da talatin da uku ta fito a gilashi, ka sa yatsanka a kanta don in gani. Shi na saya. Haka aka rubuta a faktir, takardar shaidar saye, tare da garanti na shekara guda. Aka liƙa wata 'yar takarda mai tambarin shagonka a bakin murfin, aka ce mini duk wanda ya yage ta, garanti ya faɗi. Na ji, na kuma kiyaye.

Na biyu: yadda ya fara ciwo, da abin da shagonka ya ce mu yi.

Duk lokacin sanyi injin ya yi aiki lafiya lau. Da bazara ta kama, sai ya fara halinsa. Ina cikin rubutu da rana tsaka sai ya sandare, ko gilashin ya cika da rubutun da ba na ganewa, aikin yini ya tafi a banza. In ka ɗora hannu a jikinsa sai ka ji kamar murfin tukunya. Na tafi gidan waya na kira shagonka. Ba kai ka ɗauka ba, ma'aikacinka ne, dogon nan mai tabarau da ya ɗaure mini kayan a kwali. Ya ce, "Mushe, zafin garinku ne. Ku cire murfin, ku kunna masa fanka." Na tambaye shi zancen takardar da aka liƙa. Ya yi dariya ya ce ba komai, ai su ne suka ce a buɗe.

Yanzu na san cewa a Yamai maganar da ba a rubuta ba kamar ba a yi ta ba ce. A nan ba haka muke ba. Gona guda ana ba da aronta da baki, a yi shekaru ana nomawa, ba wanda ya taɓa neman takarda. Da wakilin shago ya ce a buɗe, na ɗauka shago ne ya yi magana.

Na uku: wanda ya buɗe.

A nan nake roƙonka ka karanta a hankali, domin saboda mutumin nan na ɗauki alƙalami. Sunansa Bulus, mu kuwa Baba Bulus muke ce masa. Ba'adare ne, ɗan ƙasarmu ta Adar, Kirista, ya shekara kusan arba'in yana kula da injin wuta na asibitin mishan da ke yankinmu kafin ƙarfinsa ya ragu. Babu fadamar albasa daga nan zuwa Tamaske da ba a san jakar ƙarafunansa ba. In motopom ɗin mutum, injin jan ruwa, ya mutu ana tsakiyar ban-ruwa, shi ake aika wa. Ya zo, ya gyara, ya karɓi abin da aka ba shi, in ba a ba shi ba ya sha ruwa ya tafi. Mabuɗin ɗakin da haɗakarmu ke ajiye injunan ruwa a wuyansa yake rataye, kuma ba a taɓa neman ko ƙusa an rasa ba.

Ni na je har gida na roƙe shi. Da ya ga takardar da ke bakin murfin sai ya ja da baya, ya ce, "Mushe, wagga takarda hwa? In an yage ta ba ta komawa." Na ce masa masu ita ne suka ba da izini. Sannan ya kwance notuna, ya ɗaga murfin, ya jingine shi a bango. Ya leƙa ciki hannuwansa biyu a bayansa, ya ce wannan ba irin injinsa ba ne, ba zai sa yatsa a inda bai sani ba. Ya juyo da fanka tana hura cikin. Ya kuma jiƙa buhunan albasa ya rataye a taga, yadda muke naɗe randa da jiƙaƙƙen buhu don ruwa ya yi sanyi, iska ta riƙa shigowa da ɗan sanyi-sanyi. Har bazara ta kusa ƙarewa yana zuwa bayan azahar ya sake jiƙa su, ba a biya shi ko dala ba. Ina zaune a wurin kullum. Iyakar abin da ya yi ke nan.

Injin ya ɗan samu sauƙi, amma bai warke ba. Ana dab da ruwan farko, wata rana na kunna shi ya ƙi tashi, sai ɗan warin ƙuna. Ko rabin shekarar garantin bai cika ba.

Na huɗu: amsarka, da inda aka karanta ta.

Na ɗauko shi da kaina a motar haya na kawo maka. Aka ce in bar shi za a duba. Damina ta zo ta wuce. Sai da aka yanke gero aka dawo mana da shi a kwalinsa, a mace kamar yadda ya tafi, tare da ambulan mai hatimi.

Akwai wata doka tamu da ba ka sani ba, Alhaji, kuma ba na ganin laifinka a kan rashin saninta. A shekarun baya an yi shugabannin da ke karanta wasiƙu a ɗaka, kayan taimako su zo su wuce talaka bai ji ba. Tun daga nan manoma suka yanke cewa duk wasiƙar da ta zo da sunan haɗaka ba mai buɗe ta a keɓe. Ana ajiye ta a rufe har ranar babban taro, shugaba ya yage ambulan a gaban wakilan ƙauyuka, ya miƙo mini, in karanta da Faransanci in mayar da Hausa, jimla bayan jimla, ba ragi ba ƙari. Da wannan doka muka samu zaman lafiya, kuma ina alfahari da ita.

A ranar taron kaka, wakilai sun cika rumfa. Baba Bulus yana zaune a tabarmar gaba, kusa da shugaba, don mu muka gayyace shi. Kwamiti ya ɗinka masa riga ta godiya saboda wahalar da ya sha da injunanmu, tana ninke a gefena, za a ba shi bayan karatun wasiƙu. Shugaba ya yage ambulan ɗinka. Na fara karatu ban san abin da ke gaba ba.

Ka rubuta cewa garanti ya faɗi domin an yage takardar murfi. Ka rubuta cewa an tarar an ƙara wa ƙwaƙwalwar injin gudu fiye da ƙarfinta, shi ya sa ta ƙone, kuma wannan aikin wanda ya buɗe injin ne. Sannan ka rubuta cewa shagonka ba shi da tabbacin ƙwaƙwalwar da ke ciki ita ce wadda ya sayar, mai yiwuwa an musanya ta.

Na san a wurinka wannan rubutun ofis ne, wataƙila ma akwai irinsa a ajiye ana canza suna kawai. Amma kowa a rumfar nan ya san wanda ya buɗe injin, ga shi kuwa zaune a gabansu. Da na kai jimlar musanya, sai na faɗe ta da Hausa kamar yadda doka ta ce. Baba Bulus ya miƙe a hankali, ya cire igiyar mabuɗi daga wuyansa, ya ajiye a gaban shugaba, ya ce masa, "Alhaji, ga mabuɗinku. Ni ban ɗauki komi ba, Allah na gani." Ya sa takalmansa ya fita. Rigar tana nan a akwatin biro har yau.

Na biyar: abin da aka gani a cikin injin.

Ban yarda ba, don na san mutumin. Na ɗauki injin zuwa Tawa, wurin wani injiniya da ya yi karatun waɗannan na'urori kuma yake kula da su a wata ma'aikata. Ba ya sayarwa, ba shi da abin da zai ci ko ya rasa. Ya ciro ƙwaƙwalwar a gabana, wani abu ne shimfiɗaɗɗe da bai wuce faɗin kwalin ashana ba. Ya goge ta, ya karkata ta wajen haske, ya nuna mini cewa an kankare fuskarta an sake buga sabuwar lamba a kai. Ya juya ta, ya nuna mini alamar masana'anta da ke ƙasa, wadda ba a taɓa ba. Ta gudu ɗari ce. Ya kuma nuna mini wasu 'yan robobi kamar ƙwayar wake a kan allon cikin injin, ya ce da su ake tilasta mata ta yi gudun ɗari da talatin da uku. Ya ce a ɗaki mai sanyi irin na shagonka za ta iya jurewa, amma a bazarar Adar sai dai a jira ranar da za ta ƙone. Ya ce wannan aiki ya yi yawa a kasuwar na'urori a 'yan shekarun nan.

To, ranka ya daɗe, ga tambayoyina. Lambar ɗari da talatin da uku da ka sa wa yatsa a shagonka, kafin injin ya san hanyar Madawa, wa ya sa ta? In ka ce ƙwaƙwalwar gaskiya ka sayar mana aka musanya, a wace kasuwar Adar dattijo mai sufana da filaya zai samo ta jabu, da lamba bugaggiya tsaf kamar ta masana'anta? Kuma in injin lafiyarsa ƙalau kafin a buɗe shi, me ya kai ni gidan waya ina kuka da zafi tun takardar murfi tana liƙe? Zafin ne ya sa aka buɗe, zafin kuwa daga ƙarin gudu ya zo. Ka ɗauki abin da ya biyo baya ka mai da shi sanadi.

Ba na cewa da hannunka ka kankare. Mai yiwuwa kai ma haka aka sayar maka a inda kake saro kaya, ka kunna ka ga lamba ka yarda, kamar yadda ni ma na yarda. In haka ne, ba abin kunya ba ne mutum ya ce an cuce shi. Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne ka ɗauki asarar da ta faɗo maka ka ɗora a kan wanda ba ka taɓa gani ba.

Na shida: halin da ake ciki.

Ka san yadda magana take tafiya ranar kasuwa. Kafin mako ya zagayo an ce akwai zinariya a ƙwaƙwalwar, an ce ya kai ta Kwanni ya sayar. Waɗanda ya gyara wa injuna kyauta suna cikin masu faɗa. Wasu har sun fara jawo addininsa cikin zancen, abin da ban taɓa ji ba a tsawon zamanmu, mu da kakanninmu ɗaya, muke aika masa naman layya, yake aiko mana shinkafar Kirsimeti. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na tara kwamiti na faɗa musu abin da injiniyan Tawa ya nuna mini. Suka saurara da ladabi. Sai wani wakili daga Tamaske, mutumin kirki ba mai son fitina ba, ya ce, "Mushe, mun ji ka, amma kai abokinai na. Waccan takarda kuwa da hatimi taz zo." Ni na koya wa 'ya'yansu girmama rubutu, ga shi rubutu ya fi ni ƙarfi a gabansu. Abin da hatiminka ya ɗaura, hatiminka kaɗai zai kwance.

Baba Bulus bai sake taɓa injin kowa ba. An dasa albasa bana, motopom ya mutu a fadamu da dama, wasu suka haƙura da kunya suka je ƙofarsa, ya ce su yi haƙuri, kada wani abu ya ɓace a ce shi ne. Ya rame. Matarsa Saratu ta gaya mini ya fara ɗaure kaya, zai koma wurin 'yarsa a Maraɗi, ya bar garin da aka haife shi. Na je na zauna da shi a zaurensa na roƙe shi ya dakata har babban taro mai zuwa, wanda muke yi bayan an kwashe albasa. Ya ce, "Ina jira, Mushe. Ba don ni ba, ni na gama. Don jikokina, kada a tashi ana ce musu jikokin ɓarawo."

Abin da muke roƙo.

Da farko, ka cika alkawarin garanti. Ka ba mu injin da muka biya kuɗinsa, mai ƙwaƙwalwar da gudunta na gaskiya ne, ko ka mayar wa manoma abinsu.

Sannan, ka sa a duba sauran injunan da suka zo tare da namu. Akwai makarantu da asibitoci da ƙananan ofisoshi a garuruwa masu zafi da suka saya a wurinka, bazara kuma tana tafe. Ka kuma hana ma'aikatanka ba da izini a waya wanda shago zai musanta a takarda.

Na ƙarshe, shi ne babba. Ka rubuto mana wasiƙa da sunan haɗaka, ka buga mata hatimin nan da ka buga wa ta farko, ka ce wanda ya buɗe injin bai ƙara masa gudu ba, bai musanya komai ba, kuma da izinin shagonka aka buɗe. Ba sai ka ce laifinka ne ba. Ba sai ta yi tsawo ba.

Ina sanar da kai cewa shugabanmu ya ba ni izini in faɗi wannan: in roƙo na farko ya yi maka nauyi, mun yafe shi. Za mu sake tara albasa, ƙasa tana bayarwa kowace shekara, ni kuma alƙalamina bai mutu ba. Ka riƙe injin, ka riƙe kuɗin, ka aiko da takardar.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka ta halal, ya tsare ka daga masu cuta a inda kake saye, ya raya maka zuriya. Ina roƙonsa ya kai ka tsufa da sunanka a wanke, kada ya nuna maka ranar da za a karanta ƙarya a kanka kana zaune a tabarmar gaba.

Ranar taro zan shimfiɗa wa Baba Bulus tabarma a inda ya zauna wancan karon, in ajiye rigarsa da mabuɗinsa a gefena. In ambulan ɗinka ya iso, shugaba zai yage shi a gaban jama'a, ni kuma in karanta duk abin da ke ciki da bakin nan da ya karanta na farko, ba ragi ba ƙari. In bai iso ba, dokarmu ta ce magatakarda ya miƙe ya faɗa. Zan miƙe in ce babu wasiƙa daga Yamai, sannan in je in taya dattijon ɗaukar kayansa zuwa tasha.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Isufu Ɗan-Ladi,
Magatakardan haɗakar manoma,
Madawa.